Kyautar lu'u-lu'u ko tarkon ɓarayi?

Saƙon yakan shigo ta WhatsApp ko Facebook: "Danna nan ka samu lu'u-lu'un wasan Free Fire kyauta." Yaro ya danna, shafi ya buɗe, tambari da launi sak na Garena, kamfanin wasan. Ya rubuta kalmar sirrinsa. Kafin magariba asusun da ya shekara yana ginawa ya koma hannun wani, sannan a tura saƙon ga abokansa da sunansa.

Adireshin shafin ne ke tona asiri: harafi ɗaya aka sauya, ko aka liƙa wata kalma. Kamfanin wasa ba ya neman kalmar sirri ta saƙo. Muna roƙon iyaye su zauna da yara su kunna tabbatarwa mai mataki biyu, musamman inda katin bankin gida ke haɗe da wayar.