Waiwaye: Daminar Farko ta Magini Ce

Mu da muka tashi a gidajen ƙasa ba za mu manta ƙarshen bazara ba. Da hadari ya fara leƙowa daga gabas, sai jakuna su yi ta sauke jar ƙasa a ƙofar gida, samari suna kwaɓa ta da ƙafa, ana barbaɗa ciyawa. A jiƙa makuba, a hau soro a share bakin indararo, a toshe duk wata 'yar tsaga kafin ruwan farko. Ba wanda ya rubuta wa maigida cewa yaɓe nasa ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Sabon gini kuwa hukuncinsa daban: daminar farko ta magini ce. Idan azara ta lanƙwashe ko katanga ta buɗe, yaro kawai za a aika. Magini zai zo da kansa, ya dafa bangon, ya gyara, ba ya karɓar ko anini. In ya noƙe, akwai Sarkin Magina, kuma maganar da ta kai zaurensa ta riga ta gama gari. Sana'ar gado ce, wanda ya ɓata sunansa ya ɓata na 'ya'yansa. Dubi yadda har yau ake ambaton Babban Gwani Muhammadu Durugu saboda Masallacin Juma'ar Zariya da ya gina a ƙarni na 19.

Yanzu ɗanmu zai zuba guminsa na shekaru a rukunin gidaje a Abuja ko Kano, a miƙa masa makulli, bai san hannun da ya aza bulo ko ɗaya ba. Ruwa ya sauka, silin ya yi jirwaye, kamfani ya ce laifin ɗan kwangila ne, ɗan kwangila ya kashe waya. Abin da ke damuna shi ne, wancan haƙƙi na daminar farko bai mutu ba, takarda ya koma. A kwangilar gini akan sa wa'adin gyaran aibi, wata 6 ko shekara guda, a riƙe kamar kashi 5 cikin 100 na kuɗin aiki sai wa'adin ya cika. To amma wannan tsakanin kamfani ne da ɗan kwangilarsa. Mai saye ba shi da rabo a ciki sai in an rubuta a tasa yarjejeniyar, mu kuwa kunya kan hana mu tambaya. Tun ran gini tun ran zane.

Da can in gobara ta tashi, kafin toka ta huce unguwa ta haɗa azara da hatsi da tabarmi. Wannan gudummawa ba za ta iya ɗaukar gidan siminti na miliyoyi ba, sai dai inshora. Tsohuwar dokar inshora ta 2003 ta wajabta inshorar ginin da ya haura hawa biyu tun ana aikinsa, amma gidan zaman mutum, da zarar ya shiga, shawara tasa ce. Mun ga abin da ya sami Maiduguri a Satumbar 2024 da dam ɗin Alau ya ɓalle. Masu ƙyamar inshora saboda riba kuma, tun 2013 hukumar inshora ta NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful, inda kowa ke zuba nasa a asusu ɗaya don a tallafi wanda masifa ta auka wa.

Saura burtsatse da kwata da fitilun layi, waɗanda a rukunin gidaje ake karɓar kuɗin hidima dominsu duk shekara. Kafin a sa hannu, a nemi sanin nawa ne, wa ke riƙe kuɗin, kuma wa za a kira ranar da injin ruwa ya tsaya.