GARIN AUDUGA DA TSADAR ZARE: INA MAI SANA'A ZAI SAMI ARAHA A GOMBE?

Duk ɗan Arewa da ke neman abinci a Ikko ko Badun ko Fatakwal ya san irin saƙon da kan zo daga gida idan salla ta gabato. Bayan gaisuwa da tambayar lafiya, sai a ce, “A taimaka da kuɗin zare, aiki ya tsaya.” Mai wannan saƙo wataƙila uwa ce a Jekadafari, ko mata a Bolari, ko ƙanwa a Pantami, wadda ɗinkin hula shi ne rufin asirinta. Akan aika da kuɗin, su ƙare, bayan wata biyu saƙo ya sake zuwa. Ya kamata a tsaya a tambaya: me ya sa zare ya zama abin kuka a garin da auduga ta raya?

Tarihi bai ɓuya ba. A shekarar 1919 aka mai da hedikwatar masarautar Gombe daga Nafada zuwa inda take a yau, amma auduga da gyaɗa su suka cika garin da mutane. A 1956 kamfanin auduga na Turawa, wato BCGA, ya kafa injin gurza a Gombe, har yau kuwa unguwar da yake tana amsa sunansa. A 1963 hanyar jirgin ƙasa ta iso garin a kan hanyarta ta zuwa Maiduguri. A zamanin nan manomi kan kai audugarsa fuloti a auna, a gurje ta, a ɗaure, jirgi ya kwashe zuwa masaƙun Kaduna ko bakin teku. Abin da ya rage a gida kuwa, tsofaffi mata su kaɗa shi da mazari, masaƙa su saƙa fari da gwado, marina su turara da baba.

Wannan tsari ya rushe ne daki-daki. A 1986 gwamnati ta soke Hukumar Cinikin Auduga tare da sauran hukumomin ciniki, manomi ya rasa mai ba shi iri mai kyau da tabbataccen farashi, da yawa suka koma masara da wake. Masaƙar KTL ta Kaduna, wadda ta fara aiki a 1957, ta rufe a 2002. Babbar masaƙar UNTL ta dakatar da aiki a 2007. Tsakanin waɗannan shekaru biyu, a farkon 2005, yarjejeniyar duniya da ta ƙayyade cinikin tufafi ta ƙare, kayan ƙasar Sin suka malalo kasuwannin duniya. Tun daga nan mafi yawan zaren ado da allura da garin rini da mai sana'a ke riƙewa a Gombe sai sun ƙetaro teku. Abin da ya ƙetaro teku kuwa da dala ake sayensa. Kafin watan Yuni na 2023 dala ɗaya a farashin gwamnati ba ta kai naira 500 ba; zuwa Fabrairun 2024 ta haura naira 1,500. An kuma janye tallafin man fetur a Mayun 2023, kuɗin mota ya tashi. Duk wannan nauyi a kan ƙullin zare ɗaya yake sauka.

Amma fa ba dala kaɗai ke da laifi ba. Mai karatu ya ƙirga hannuwan da zare ke bi. Mai odar kaya ya sauke shi a tashar Apapa, ya sayar wa babban dila. Dila ya sayar wa ɗan sari na Kano ko Anacha. Ɗan sari ya sayar wa mai shago a Babbar Kasuwar Gombe. Mai shago ya sayar wa mai tebur na unguwa, ko dillaliya mai shiga gida-gida. Daga nan ne zai kai ga matar da ke zaune a tsakar gida da allura. Kowane hannu da ribarsa da kuɗin motarsa, kuma babu wanda ya yi haram. Sai dai sakamakon shi ne, wadda ta fi kowa ƙarancin jari ita ke saye da farashin da ya fi kowane tsada, domin ƙulli ɗaya ko biyu take iya saye a lokaci guda.

Akwai abin da ya fi wannan ciwo. Idan jari ya ƙare ƙaf, sai mai ɗinki ta karɓi zare da ƙyalle daga hannun mai sarin huluna, bisa sharaɗin shi za ta kawo wa hular. Ta yi makonni tana sunkuye, ido na ruwa, baya na ciwo, a ƙarshe a ba ta ladan hannu kurum, ribar hula ta tafi ga mai zare. Wato ta tashi daga mai sana'ar kanta ta koma 'yar ƙodago a cikin ɗakinta. Yawan masu wannan hali ya ƙaru tun da rikicin Barno ya koro dubban mutane zuwa Gombe, musamman bayan faɗuwar Bama a 2014. Mutanen Bama gwanayen hula ne na asali, sun zo da gwaninta a hannu, amma ba su zo da jari ba.

To, ina araha take? Gaskiyar magana ita ce babu wani ɓoyayyen shago da ake rabon kaya a banza. Araha tana wurare uku: sanin asalin kaya, saye da yawa, da saye a kan kari.

Na farko, kayan sana'a iri biyu ne, kuma kowanne da inda yake sauƙi. Akwai na ƙasa: fata, da bagaruwar jima, da kaba, da ƙwarya, da auduga, da toka, da itacen sassaƙa. Waɗannan ba a nemansu a Kudu, ba a ma cika samun sauƙinsu a tsakiyar birni ba. Mai nemansu ya bi kasuwannin mako na Kumo da Dukku da Bajoga da makamantansu, inda mai kaya da kansa ke zaune a kan kayansa. Baduku ya san fata takan yi yawa bayan babbar salla. Mai sassaƙa ƙwarya da mai kaɗi sun san kaka ce lokacinsu. Sannan akwai na waje: zaren ado, da allura, da garin rini, da duwatsun ado, da gam, da maɓalli, da zif. Waɗannan suna ƙara tsada ne gwargwadon nisansu da bakin teku da manyan diloli. Wurarensu su ne Balogun da Idumota a Ikko, da Babbar Kasuwar Anacha, da Ariariya ta Aba ga masu aikin takalmi da jaka, da Gbagi ta Badun. A Arewa kuwa sai Kano: Kantin Kwari don yadi, Ƙofar Wambai da Kurmi don zare da kayan fata. Sau da yawa farashin Kano kan yi kusa da na Kudu, domin attajiranta da kansu suke odar kaya, saboda haka wajibi ne a tambayi wuri biyu kafin a fitar da kuɗi.

A nan ne maganar ta shafi mazauna Kudu kai tsaye. Mai gadi a Ikoyi, da mai sayar da tumatir a Mil 12, da ɗan acaba a Agege, da mai canji a Sabon Badun, dukansu suna zaune ne a bakin rijiyar da 'yan'uwansu na gida ke sayen ruwanta da tsada. Wanda ya aika da kuɗi ya aika da abin da zai bi ta hannu huɗu kafin ya zama zare. Wanda ya shiga Idumota ya sayi kwali guda ya aika, ya tsallake waɗannan hannuwa. Hanyar aikawa kuma ba baƙuwa ba ce. Manyan motocin da ke sauke shanu da wake da hatsi a Kudu suna komawa Arewa kullum, direbobinsu kuwa 'yan gida ne.

Na biyu, saye da yawa. Mutum ɗaya ba zai iya sayen dila ba, kuma kuɗin mota na tafiyar da ta haura kilomita 1,000 zai cinye ribar ɗan ƙaramin ƙunshi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma mutum goma 'yan unguwa ɗaya, waɗanda matansu ko iyayensu ke sana'a iri ɗaya, suna iya haɗa kuɗi kamar yadda ake adashi, su wakilta amintacce ɗaya ya yi sari, a aika wa ƙungiyar mata a gida su raba bisa abin da kowa ya zuba. Wannan ba sabon ilmi ba ne ga Bahaushe. Tun da aka kafa Sabon Badun a 1916, amana ce ta riƙa kai goro Arewa tana kawo shanu Kudu, ta hannun masu gida da dillalai, ba tare da banki ko lauya ba. Al'ummar da ta iya wannan ba za ta kasa kai kwalin zare Herwagana ba. Sarakunan Hausawa na zango-zango da ƙungiyoyin 'yan gari suna iya zama shaidu, a rubuta abin da aka tara da abin da aka saya, domin rashin rubutu shi ke kashe yawancin irin wannan haɗin kai.

Na uku, lokaci. Kowa ya san kayan ɗinki kan hau da zarar azumi ya kama, su sake hawa kafin layya. Mai hankali yakan sayi zaren salla tun watan Rajab, lokacin da mai shago ke neman ciniki.

Sai dai a yi hattara, domin masu iya magana sun ce araha ba ta ado. Akwai zaren da ke zuba da zarar ya ga ruwa, ga shi kuwa hula sai an wanke ta an buga kafin ta shiga kasuwa. Zare mai zuba yakan lalatar da aikin wata guda a cikin kwano ɗaya, ya kuma ɓata sunan mai ɗinki. Namiji da bai taɓa riƙe allura ba kada ya yi gaban kansa. A aiko masa da samfuri daga gida, da lambar launi da sunan kamfani, ya jiƙa ɗan guntu ya goga a farin ƙyalle kafin ya biya.

Wani zai ce, wannan shawara ai za ta kashe kasuwar masu shaguna na Gombe, su ma kuwa iyali gare su. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ta cika ba. Mai buƙatar allura ɗaya ko launin da ya yanke mata a tsakiyar aiki, wurin mai shago za ta je har gobe. Bugu da ƙari, ƙungiyar da ta tara kuɗi tana iya fara taya mai shagon gida. Idan ya ga ciniki mai kauri kuma kuɗi hannu, zai rage, kuɗin kuma ya tsaya a gari. Abin da ake nema shi ne mai sana'a ta sami bakin yin ciniki. Wanda zai yi asara kurum shi ne mai cin ribar rashin jarinta.

Duk da haka, wannan magani ne na rage zafi. Maganin asali yana hannun hukuma. Tun 1 ga Oktoba 1996 Gombe take da jiharta, kuma ƙasar da ta ba da auduga jiya ba ta ƙaura ba. Abin da ya ɓace shi ne iri mai kyau, da mai saye tabbatacce, da injin da zai mai da auduga zare a kusa da gonar da ta fito. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru ta daɗe tana fitar da irin auduga; aikin hukuma ne ta kai shi hannun manomi a kan lokaci. Ƙaramar masana'antar kaɗi da rini ba ta fi ƙarfin jiha da attajiranta ba. Haka nan hanyar jirgin ƙasa ta Fatakwal zuwa Maiduguri, wadda aka ƙaddamar da aikin gyaranta a 2021, ita ce za ta karya kuɗin dakon kaya idan ta koma aiki sosai. Wakilan jama'a su riƙa jin wannan tambaya a duk lokacin da suka zo neman ƙuri'a, har a zangon Kudu.

Kafin wannan rana ta zo, abin da ke hannu shi ake yi. Idan saƙon kuɗin zare ya sake zuwa, mai karatu ya tambayi wane iri, wane launi, mutum nawa ne a unguwar ke buƙatarsa, sannan ya nemi 'yan'uwansa su zauna. Hular da ke kan manyan mutane a Abuja da Ikko daga irin waɗannan ɗakuna take fitowa, bai kuwa dace mai ɗinkinta ta kwana da bashin zare ba. Allah ya sa a gane, ya kuma sa albarka a sana'ar kowa.