Jitar da ke sito ba kayan gwangwan ba ce



A zaman ƙungiya da ya gabata an kawo shawarar a kwashe tarkacen da ke cikin sito, a kira 'yan gwangwan su auna su biya. Ba mu da ja a kan karyayyun kujerun ƙarfe, da janareton da ya daɗe bai tashi ba, da tsohon kwanon rufi da aka sauke bara. Waɗannan ko gobe a kwashe su. Amma cikin jerin kayan an sa har da tsohuwar jitar bes ta lantarki da ke jingine bayan tabarmi, to a nan ne muka ce a'a. Muna so mu faɗi dalilinmu a fili tun kafin a kaɗa ƙuri'a, don kada daga baya wani ya ce bai sani ba.

Mu fara da lissafi, tunda masu shawarar da lissafi suka zo. Jita irin wannan nauyinta kilo huɗu ne ko kusa da haka, kuma mafi yawan nauyin katako ne. Ɗan gwangwan ba ya sayen katako. Abin da zai hau sikeli shi ne kunnuwa huɗu da ake ɗaure tsirkiya da su, da ƙarfen ƙasa da tsirkiyar ke hawa a kai, da 'yan sukurori, da ɗan jan ƙarfen da bai cika tafin hannu ba. Kuɗin duka ba zai sayi ruwan leda na zama ɗaya ba. Kuma kada mu ruɗi kanmu cewa narka ta za a yi. Da yawa daga cikin membobinmu wannan sana'a suke yi, sana'a ce ta halal da ke riƙe da gidaje, kuma sun fi kowa ido a kan kaya. Duk wanda ya ɗauke ta a farashin ƙarfe, washegari tana kasuwar Alaba a hannun masu sayar da kayan kiɗa, su goge ta, su sa mata tsirkiya, su sayar wa wani coci ko wani ɗan kiɗa da daraja. Ba laifinsu ba ne. Mu ne za mu zama waɗanda suka ba da saniya a farashin igiya.

Ga waɗanda ba su san abin da muke magana a kai ba, musamman yaranmu da aka haifa nan: bes ita ce jita mai dogon wuya da tsirkiya huɗu masu kauri, wadda ke ba da amon ƙasa, wanda mutum ke ji a ƙirjinsa kafin kunnensa ya gama tantancewa. Kafin a same ta, masu kiɗan Turawa da wata ƙatuwar goge suke fama, mai tsayin mutum, wadda ɗaukarta ma aiki ne, kuma ƙarar ƙahoni da ganguna na danne ta. A 1951 wani Ba'amurke mai suna Leo Fender, wanda asalinsa mai gyaran rediyo ne, ya fito da bes ta lantarki da ya kira Precision Bass, a 1960 kuma ya ƙara da Jazz Bass. Kusan duk bes da kuka taɓa gani a fage, ɗayan waɗannan biyun ta kwaikwaya. A shekarun 1960 da 1970 masana'antun Jafan suka yi ta ƙera irinsu da araha, suka bazu a duniya, har suka iso hannun matasan Afirka da ba su da kuɗin ta Amurka.

Tamu ɗaya ce daga cikin waɗannan. Sunan da ke kanta ya goge, amma farantin ƙarfen da ke bayan wuyanta ya nuna ƙirar Jafan ce. Don haka ba mu ce an tsinci zinariya ba, kuma duk wanda ya ce muku za a sayar da ita a gina masallaci da kuɗin, yaudararku yake yi. Abin da muka ce shi ne kaya ce mai kyau, ta katako na gaske, kuma ciwon da ke jikinta duk na warkewa ne.

Mun sa an duba ta. Wani ɗan uwanmu mai gyaran rediyo da amfilifaya ya buɗe ta a gaban mutum uku. Abin da aka fi tsoro shi ne gara, kuma Allah Ya kiyaye, ba ta shiga ba. Na biyu shi ne abin da ke ɗaukar sauti, wanda masu sana'ar ke kira fikof. Wannan maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe, siririya kamar gashi, zagaye dubbai. Idan tsirkiyar ƙarfe ta kaɗa a samansa sai ta haifar da 'yar wutar lantarki kaɗan, amfilifaya ta karɓa ta ƙara mata ƙarfi. Idan wannan waya ta tsinke a ciki, aiki ya yi tsada. Ya ɗora mita, mita ta amsa. Ya taɓa maganaɗisun da bakin sukudireba, lasifika ta ce ƙwas. Wato zuciyarta na bugawa bayan duk shekarun nan.

Sauran kuwa ƙananan abubuwa ne. Tsirkiyoyi sun yi tsatsa, ɗaya ta tsinke, sai a sayi sababbi. Ramin da ake cusa wayar amfilifaya ya saki, dalma ce kawai za a ɗiga. Abubuwan murɗa ƙara suna ƙarce-ƙarce saboda datti, akwai ruwan feshi da masu gyaran lantarki ke wanke su da shi. Wayar da ke bi ta ƙarƙashin ƙarfen tsirkiya don kashe gurnani ta cire, shi ya sa take kuka kamar tsohon firji idan an kunna. Fumfuna ta hau katakon wuya, abin da ba mamaki a garin da damina ke cinye rabin shekara ga kuma iskar teku.

Aikin da ke buƙatar natsuwa shi ne wuyan, wanda ya ɗan lanƙwashe. Tsirkiya huɗu idan an ɗaure su suna jan wuyan da ƙarfin da ya fi nauyin buhun siminti, dare da rana. Saboda haka masu ƙira suka binne sandar ƙarfe a cikin katakon, mai noti a baki, wadda ake ɗaurewa don ta miƙe shi. Ana sassauta tsirkiya, a murɗa notin kashi ɗaya cikin huɗu na zagaye, a bar katakon ya kwana, gobe a sake dubawa. Wanda ya kama shi da ƙarfin tsiya irin na ɗaure tayar tirela, sandar za ta karye a ciki, shi ke nan kuma an kashe jitar da hannu. Wannan ne ya sa makullin sito yana wurinmu, kuma ba za mu ba kowane mai kyakkyawar niyya ba.

Muna faɗin haka ne saboda akwai ɓangare na biyu, waɗanda suka yarda kada a sayar amma suna so a kai wa mai fentin mota ya kankare ta da samfefa, ya fesa mata kore da fari, a rubuta sunan ƙungiya, a rataye a bango. Da girmamawa, wannan ya fi sayarwar muni. Wanda ya saya aƙalla zai kaɗa ta. Wurin da fentin ya cinye a gefen sama, inda damtsen mai kaɗawa ke gogawa, da 'yan ramukan da babban yatsa ya yi kusa da fikof, su ne shaidar cewa wani ɗan unguwar nan ya yi shekaru yana aiki da ita. A goge datti da tsumma mai laushi, a shafa wa katakon wuya ɗan man da ya dace, ba baƙin mai ba, ba man gyaɗa ba. Idan za a goge ƙarafan wuya da audugar ƙarfe, a rufe fikof da salatif tukuna, don maganaɗisu zai janye garin ƙarfen ya cusa shi inda ba ya fita. Iyakar abin da take so ke nan.

Sai ɓangare na uku, kuma su ne suka fi ƙarfin murya: wai me za a yi da jita a zamanin da fiyano ɗaya ke yin komai? Gaskiya ne, waƙoƙin finafinanmu na Kano a kan fiyanon Yamaha suka girma, mutum ɗaya a ɗaki yana danna ganga da algaita da bes duk da yatsunsa goma. An ci abinci da wannan, ba mu raina ba. Amma ku saurari waƙoƙin bikin da ake sa mana goma a jere, ku gaya mana ko amon ƙasan ɗaya ya bambanta da na ɗaya. Injin ɗaya ne, sautin ɗaya ne. Tsirkiyar da ta fi kauri a jikin bes tana kaɗawa kusan sau 41 a daƙiƙa, sautin da lasifikar waya ba ta iya fitarwa sam. Ke nan yaron da duk kiɗan da ya sani daga waya ya ji shi, bai taɓa jin abin da muke gardama a kai ba. Yaya za a tambaye shi ko yana so?

Akwai kuma maganar da ba a faɗa a zaman ba amma aka yi ta a bakin ƙofa, cewa wannan kayan Yarbawa ne da Inyamurai, ba namu ba. Wannan rashin sanin tarihi ne. Marigayi Bala Miller, ɗan asalin Zariya, wanda ya rasu a 2003, ya kafa ƙungiyarsa ta Great Music Pirameeds of Africa da jita da ƙahoni da ganguna, yana waƙa da Hausa, kuma duk wanda ya kalli talabijin a shekarun 1980 ya san Ikon Allah. A zamanin da Legas ta karɓi bikin Festac a 1977, gari cike yake da makaɗa masu kaɗawa da hannu, kuma matasan Hausawan da ke zaune nan ba a sama suke ba. Dattawanmu sun tabbatar mana cewa samarin ƙungiyar nan ne suka yi karo-karo suka sayi kayan kiɗa a wancan lokaci, suna yi a bukukuwan aure da shagalin Sallah. Gangunan sun ruɓe, amfilifayar an ara ba a dawo da ita ba. Jitar nan ita kaɗai ta rage. Ba mu da hoto ko ɗaya, ba mu da kaset.

Mu faɗa wa kanmu gaskiya mai ɗaci. Muna son kiɗa, amma muna jin kunyar makaɗi. Muna sa Shata a mota tun daga Legas har Funtuwa, muna alfahari da Ɗan Maraya Jos da ya zaga duniya da kuntigi mai tsirkiya ɗaya, amma idan ɗanmu ya ce zai koyi kaɗa wani abu sai a ce zai zama maroƙi. Wanda yake ganin kiɗa bai dace ba saboda fahimtarsa ta addini, muna girmama shi, kuma ba wanda zai tilasta masa zama inda ake yi. Amma wanda a bikin 'yarsa ya ɗauko mai kiɗan kwamfuta da lasifika shida har unguwa ba ta yi barci ba, sannan ya zo zama yana cewa jita kayan shashanci ce, wannan ba mu gane inda ya dosa ba.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne, a garin nan an san mu da gyara. Mu ne masu gyaran takalmi, mu ne masu gyaran agogo da tocila da rediyo, mu ne masu ɗinkin tafi-da-gidanka. Mutanen gari na kawo mana abin da suka fid da rai a kai mu tashe shi. Sai namu na gida ne za mu ce ba ya gyaruwa? Da tsohuwar zuma ake magani, mu muka faɗa, ba wasu ba.

Ga abin da za mu gabatar a zama mai zuwa. A cire jitar daga jerin kayan gwangwan. Gyaranta ba zai taɓa asusun marayu ko na jana'iza ba, ko kwabo. Mun ji ana yaɗa haka, ba gaskiya ba ne, kuma ma'aji yana nan a tambaye shi. Kuɗin tsirkiya da 'yan kayan lantarki bai kai na buhun shinkafa ba, kuma mutum biyar sun riga sun ce za su ɗauka daga aljihunsu. Mai gyaran ya ce aikin hannunsa kyauta ne. Idan ta tashi za a shigar da ita littafin kadarorin ƙungiya, a sama mata jaka, a ajiye ta a ofis nesa da bango mai damshi, ba mai fita da ita sai da sa hannu. Ranar Asabar bayan La'asar, yaro ko yarinyar da iyayensu suka amince za su iya zuwa koyo. Amfilifayar da za a yi amfani da ita dole a duba wayar ƙasanta tukuna, don jitar kanta ba ta da wutar da za ta ja mutum, daga amfilifaya mara kyau haɗarin ke zuwa.

Muna roƙon iyayenmu dattawa da suka ga zamanin da ake kaɗa ta, su daure su zo zaman, ko su aiko a gaya mana wanda ya riƙe ta da inda aka saye ta, mu rubuta. Wanda kuma yake da ƙaramar amfilifaya da ba ya amfani da ita, ko ya san mai kaɗa bes da zai iya ba da awa ɗaya a mako, ya same mu a ofis bayan sallar Magariba.

Wassalam.

Sakataren ƙungiya