Haƙurin Damon Hamada Ba Alamar Lafiya Ba Ne

Hausawa suna yi wa damo kirari da sarkin haƙuri. A cikin Sahara akwai wani ƙadangare da ya cancanci wannan kirari, wanda Larabawa ke kira dabbu, masana ilmin halittu kuma suke kiran jinsinsa Uromastyx. Ana gane shi da kakkaurar wutsiyarsa mai zobban ƙaya. Wani irinsa, wato Uromastyx geyri, yana zaune a duwatsun Azbin na Nijar da arewacin Mali da kudancin Aljeriya. Kyan launinsa, ja ko ruwan ɗorawa, da rashin faɗansa sun sa ana kai shi Turai da Amurka domin masu kiwon sha'awa. Sai dai kuma haƙurin nan nasa yana cutar da shi, domin yakan jure wahala watanni ba tare da mai shi ya lura ba.

Abu na farko da yake bukata shi ne zafi. Jikin ƙadangare ba ya samar da ɗumin kansa, sai ya sha hantsi. Damon hamada ganye da furanni da tsaba yake ci, kuma ƙananan halittun da ke cikin hanjinsa, masu narkar masa da ganyen, ba sa aiki sosai sai jikinsa ya ɗauki zafi. Saboda haka wajibi ne gefe ɗaya na akwatin kiwonsa ya kai digiri 45 zuwa 50 a ma'aunin Salsiyas, ɗaya gefen kuwa ya fi sanyi, da ramin ɓuya. Akwatin kada ya gaza santimita 120 a tsawo.

Na biyu shi ne haske. A cikin hasken rana akwai wani kashi da ido ba ya gani, wanda da shi fata ke haɗa bitamin D3, shi kuma yake taimakon jiki ya tsotsi kalsiyam. Gilashin taga yana tare wannan kashi. In babu rana kai tsaye ko fitila ta musamman, ƙasusuwansa sukan yi laushi, haɓarsa ta lanƙwashe.

Na uku shi ne abinci da bushewar wuri. Damon da aka sani a ƙasar Hausa ƙwari da dodon-koɗi yake ci, amma yawan ba na hamada irin wannan abinci yana lahanta ƙodarsa. Yawancin ruwan da yake bukata daga ganye yake samu, laima kuwa tana jawo masa ciwon huhu da na fata.

Bugu da ƙari, akwai batun inda aka samo shi. Tun shekarar 1977 jinsin yana cikin jeri na biyu na yarjejeniyar CITES, wato ba a ƙetare iyaka da shi sai da takardar izni. Mace takan yi ƙwai sau ɗaya ne a shekara, don haka gurbin manyan da aka haƙe daga ramukansu ba ya cika da wuri. Wanda aka ƙyanƙyashe a hannun makiyaya shi ya kamata a saya, da shaidar asalinsa.

Daga ƙarshe, dabba ce da kan wuce shekara 15 in ta sami kulawa. Duk wanda ba zai iya ɗaukar nauyin zafinta da haskenta na tsawon wannan lokaci ba, alherin da zai yi mata shi ne ya bar ta a bakin raminta.