Waiwaye: Mortimore, malamin da ya yi karatun ƙasa wurin manoman Kano

A watan Satumba na 2017 Farfesa Michael Mortimore ya rasu yana da shekara 80. Jaridunmu ba su cika da labarin ba, alhali da wuya a sami wani masanin labarin ƙasa da ya kare mutuncin manomin Hausa a idon duniya kamar wannan Baturen Ingila. Ya zo Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1962, shekarar da aka buɗe ta, ya yi koyarwa a can har 1979, sannan ya koma Jami'ar Bayero ta Kano a matsayin farfesa har 1986. Shekara ashirin da huɗu ke nan yana shan ranar Arewa.

Lokacin da ya zo, masana sun riga sun yanke wa ƙasarmu hukunci. Tun a shekarun 1930 wani masanin gandun daji mai suna Stebbing ya yi ta shelar cewa Sahara na gurgusowa kudu, kuma laifin na mazauna ne: sun yi yawa, sun sare itatuwa, sun gajiyar da gona, dabbobinsu sun cinye ciyawa. Wannan magana ta samu gindin zama a ofisoshi, har aka kai ga babban taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan kwararowar hamada a Nairobi a 1977. Mortimore bai fara da jayayya ba. Fita ya yi zuwa ƙauyukan da ke kewaye da birnin Kano, inda jama'a suka fi cunkoso, ya auna gonaki, ya ƙidaya gidaje da bishiyoyi, ya zauna yana tambaya. A 1965 shi da J. Wilson suka fitar da bincikensu kan ƙasa da jama'ar wannan yanki.

Abin da ya tarar duk ɗan karkarar Kano ya san shi, sai dai ba a taɓa ɗaukarsa ilimi ba. Ga gona ana nomanta kowace damina, ba a barinta ta zama saura, amma ba ta mutu ba. Me ya riƙe ta? Taki. Awaki da tumaki a ɗaure a turke da damina, ana yanko musu ciyawa, kashinsu na taruwa. Da rani a kwashe shi a mangala, jaki ya kai gona, a zuba tsibi tsibi. Har toka da sharar birni ake saye a kai karkara. Gero da dawa da wake da gyaɗa a gona ɗaya, in wannan ya ƙi wancan ya yi. Harawa ta koma bakin dabba, kara ya zama danga da makamashi. Gawo da ɗorawa da kuka da tsamiya kuwa kowace da mai ita, ba mai sa mata gatari don ganin dama. Da shi da abokan aikinsa suka binciki itacen girki na Kano, aka buga aikin a 1990, sai ya bayyana cewa gonakin kusa da birni ba su zama fili fetal ba kamar yadda aka yi hasashe. Manomi na sassabe reshe ya bar uwar.

Ni a ganina gwajin gaskiyarsa ya zo ne da farin 1972 zuwa 1974. Da yawa sun zo sun ɗauki hoton shanun da suka mutu sun koma. Shi ya zaɓi ƙauyen Dagaceri, can arewa maso gabashin tsohuwar Jihar Kano, ya riƙa komawa shekara bayan shekara, har farin 1984 ya zo ya same shi yana bin gidajen nan. Daga nan littafinsa na 1989 kan yadda manoma ke jure fari ya fito. Bai ɓoye wahala ba, an sha yunwa, an sayar da dabbobi a wulaƙance. Amma ya nuna cewa mutanen ba zaune suke suna jiran agaji ba. Maza na tafiya cin rani, ana saƙar kaba, ana komawa ga ganyayen daji, ana sauya iri zuwa mai saurin nuna, dangi na tallafar dangi. Wanda ya kwana uku a ƙauye ba zai ga wannan ba, sai wanda ya ga damina mai kyau da marar kyau a gona guda.

Sunansa ya fi tashi a duniya da aikin Machakos ta ƙasar Kenya, wanda ya yi da Mary Tiffen da Francis Gichuki, aka buga a 1994. Sun bi tarihin yankin daga 1930 zuwa 1990, suka ga jama'a ta ninka kusan sau biyar, amma zaizayar ƙasa ta ragu, domin hannaye sun yi yawa wajen gina matakala a jikin tsaunuka da dasa itatuwa, ga kasuwar Nairobi a kusa. An soki littafin, kuma sukar na da tushe: ba kowane gida ne ya amfana daidai ba, mai ƙaramin ƙarfi kan rasa gonarsa ko da yankin na bunƙasa. Ko a Kano, wanda ba shi da akuya ba shi da taki. Duk da haka ya karya camfin cewa yawan mutane kullum halaka ƙasa yake yi.

Abin da ke damuna shi ne har yau shirye shiryenmu na yaƙi da hamada kan fara daga ofis. A kawo dashe a mota, a jera a gefen hanya, a yi biki, rani na zuwa su bushe, ba a tambayi mai gonar wace bishiya yake so ba. Alhali a jihohin Maraɗi da Damagaram manoma da kansu suka farfaɗo da miliyoyin itatuwa ta hanyar kare tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututture, kuma Maraɗi na cikin wuraren da Mortimore ya bincika bayan ya bar koyarwa. A littafinsa na 1999 da William Adams, ƙauyuka huɗu suka bi, Tumbau da Dagaceri da Kaska da Futchimiram, suna rubuta aikin da kowane gida ke yi a gona cikin damina. Ƙauyukan suna nan, jikokin manoman suna noma gonakin, kuma ɗaliban labarin ƙasa na Kano da Zariya za su iya komawa su sake aunawa, su gaya mana abin da shekara talatin ta yi wa gawon Tumbau.