Sunan Babanka Ne Ya Karya Farashin Faifan

Akwai wani ciniki da ake yi a zangunan Akra wanda mai sayarwa bai ma ɗauke shi ciniki ba, don a ganinsa shara aka zo aka kwashe masa har aka haɗa shi da tukuici. Cinikin tsofaffin faya-fayan garmaho nake nufi. Dillalai ke bi gida-gida daga Nima zuwa Maamobi, su gangaro New Town ta bayan Kasuwar Malam Atta, suna cigiyar gidan da tsoho ya rasu ya bar akwati a ƙarƙashin gado. Magada su fito da akwatin, a kakkaɓe ƙura, a miƙa musu abin da bai fi kuɗin waakye na kwana uku ba, kowa ya yi godiya. Bayan wata biyu faifan yana Jamus ko Japan.

Faya-fayan hailaif an yi ta kuka a kansu, kuma kukan ya dace. Ni nawa ƙorafin a kan waɗanda ba a yi wa kuka ne, wato na kiɗan Kyuba da salsa da jaz ɗin 'yan Latin, waɗanda ke kwance cikin akwatunan nan gefe da gefe da na E.T. Mensah. Su kam ko mai kishin gargajiya ba ya waiwayarsu. Na faɗa wa wani abokina, ɗan boko mai yawan rubutu a kan al'adun zango, sai ya ce, "Malam, ina ruwanmu da kiɗan Sifaniyanci? In Shata ne ko Ɗan Maraya, sai in tashi tsaye." To da shi da irinsa nake wannan magana.

Bari mu fara da yadda faifan ya shigo ɗakin. A 1933 kamfanin His Master's Voice na Ingila, mai tambarin kare da ke sauraron garmaho, ya fara buga wani jerin faya-fayai musamman don kasuwar Afirka. Lambar kowane faifai tana farawa da haruffa biyu, GV, shi ya sa tsofaffi daga Dakar har Kinshasa da wannan sunan suka san su. Na farko a jerin shi ne El Manisero na Don Azpiazu, waƙar mai tallar gyaɗa, aka bi shi da su Trio Matamoros da Sexteto Habanero, har jerin ya kai wajen faifai 250 kafin a daina a ƙarshen shekarun 1950. A wannan tsakanin ne Nima ta tashi daga wurin tsayar da shanu ta zama gari, musamman lokacin Yaƙin Duniya na Biyu da sansanin sojan Amurka ya jawo masu neman aiki: kuku, boyi, mai wanki, direba, mai gadi. Mutumin da ya yi wata yana guga a barikin soja, ya karɓi albashi, ya sayi keke ko garmaho. Wanda ya sayi garmaho kuwa dole ya sayi abin da zai ɗora a kai.

Su waye waɗannan mutane? Kakanninmu ne. Bahaushe, Bazabarme, Bayarabe ɗan Lagos Town (tsohon sunan New Town ke nan), Kotokoli, Mosi, Wangara. Kuma ɗan zango ya fi kowa a Akra kusanci da wannan kiɗa, saboda ƙafarsa ɗaya tana nan, ɗaya tana ƙasashen Faransa. Fataken goro da na shanu da na atamfa suna Lome yau, jibi Kwatano, wani watan Abijan ko Yamai, kuma a can kiɗan Kyuba ya fi kama ƙasa. A Kwatano Gnonnas Pedro ya yi suna da shi. A Dakar aka kafa Orchestra Baobab a 1970. Mali ta tura samari Habana a shekarun 1960 su koyi kiɗa, suka dawo da sunan Las Maravillas de Mali, a cikinsu akwai Boncana Maïga, mutumin Gao, wanda daga baya ya tsara kiɗan Africando da aka ɗauka a New York a farkon shekarun 1990. Duk wanda ya san gidajen Zabarmawa a Nima ya san hanyar Gao zuwa Akra ba doguwa ba ce.

Ba zan yi wa abokina ƙaryar da wasu ke yi don su ci gardama ba, wai kalangu ne ya haifi konga. Yawancin waɗanda aka kai Kyuba a jiragen bayi Yarabawa ne da mutanen Kongo da na Dahomi da na yankin Kalaba, kuma gangunansu da addinansu ne suka rayu a can har bayan an soke bauta a 1886. Chano Pozo, makaɗin da ya haɗu da Dizzy Gillespie a 1947 suka yi Manteca, ɗan ƙungiyar asiri ta Abakuwa ne, wadda tushenta ke wajen Kalaba. Ba gadon jini nake nema wa Bahaushe ba. Abin da nake cewa shi ne kunne ma yana gado. Bugu biyar ɗin nan da ake yi da sanduna biyu a kiɗan Kyuba, uku a gaba biyu a baya, shi ne dai bugun da ƙarfe ke yi a kpanlogo na samarin Bukom. Wanda ya tashi yana jin kuge a ƙofar fada, ya zo Akra yana jin ƙarfen Gã dare da rana, in aka sa masa faifan Machito ba sai an yi masa tafinta ba.

Ko hailaif ɗin da ake tinƙaho da shi, a tambayi tarihinsa. Guy Warren, wanda daga baya ya koma Kofi Ghanaba, ya je Landan wajen 1950 ya yi kiɗa da ƙungiyar Afro-Cubists ta Kenny Graham, ya dawo wa Tempos da bongo da konga da caki irin na Kyuba. Da waɗannan kayan E.T. Mensah ya shiga ɗakin ɗaukar murya na Decca a 1952. Ranar 6 ga Maris 1971 kuma, a bikin Soul to Soul da aka kwana ana yi a dandalin Black Star, Santana ya hau dandamali tare da Willie Bobo a kan gangunan timbal. Wani dattijo a unguwarmu, tsohon direban babbar mota, yana cikin taron. Na taɓa tambayarsa, "Baba, Wilson Pickett kuka je gani ko?" Ya ce, "Ɗana, shi kowa ya je gani. Amma da muka dawo gida da asuba, hannun mai gangar nan muke kwaikwayo a kan benci." Ya rasu shekaru kaɗan da suka wuce. Akwatinsa bai kai sadakar arba'in a gidan ba.

Na san amsar da ke bakin mai karatu, don na sha jin ta: ai duk waƙoƙin nan suna YouTube. Gaskiya ne. Dance Mania na Tito Puente na 1958 yana nan, Acid na Ray Barretto na 1968 yana nan, Siembra na Willie Colón da Rubén Blades na 1978 yana nan, kuma sautinsu ya fi na faifan da allura ta yi shekara talatin tana karta. Kamfanin Fania, da Johnny Pacheco da Jerry Masucci suka kafa a 1964, ba ya bukatar akwatin kowa a Maamobi don a tuna da shi. In waƙa ce kawai, babu abin da ya ɓata.

To amma ɗauki faifan ka juya shi. A bayan kwalin akwai hatimin kantin da aka saye shi, wani lokaci na Akra, wani lokaci na Lome ko Abijan. A tsakiyar faifan, a kan takardar nan mai zagaye, akwai sunan mai shi, domin a zamanin ana aron faifai zuwa biki da suna, wanda bai rubuta sunansa ba ya yi asara. Na ga wanda aka rubuta sunan da ajami, da tawadar allo, a ƙarƙashin sunan Orquesta Aragón. Na ga wanda aka rubuta wa sunan kulob ɗin samari da shekara. Fuska ɗaya ta faifan ta cinye har ta yi fari, ɗayar tana sheƙi kamar jiya aka saya, ka san ke nan wace waƙa ce unguwar ta so. Wannan duka babu shi a YouTube, babu shi a Habana, babu shi a New York. A ɗakin nan kaɗai yake.

Ga inda abin ke ci mini rai. Masu tara faya-fayai na duniya suna da ma'auninsu, duk wanda ya buɗe Discogs zai gani: faifai yana hawa mataki-mataki, daga wanda ya sha jiki zuwa wanda ba a taɓa ɗora wa allura ba. A wannan ma'auni, rubutu a kan takardar faifai aibi ne. Hatimin kanti aibi ne. Sunan babanka da ajami shi ke karya farashin. Mai saye zai ambata shi cikin jerin lahani, wani ma ya sa sinadari ya goge shi don kuɗin ya ɗan ɗaga. Ba mugunta ce ta sa shi ba, shi sauti yake nema da tsabtar kwali. Amma ka ga abin da ya faru: mun sayar da abu a kan kuɗin waakye ga mutumin da zai share ɓangaren da ya shafe mu. Kaza ta kwana a kan dami.

Ban ɗora wa baƙi laifin duka ba, kuma masu yi musu kuɗin goro ba su yi adalci ba. Tarin Ghana Soundz da kamfanin Soundway ya fitar a 2002 ya dawo da sunayen makaɗan da mu nan muka manta, Ebo Taylor kuma ya sake zagaya duniya da tsufansa. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Su sun zo da kuɗi da sani, mu muka tarbe su da akwatin da ruwa ya ci. Kuma ba yau akwatunan suka fara watsewa ba. A Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasar, zanguna suka girgiza, mutane suka sayar da abin da ya sayu suka bar sauran. Bayan juyin mulkin ƙarshen 1981 dokar hana fitar dare ta yi fiye da shekara biyu, gidajen rawa suka mutu, kaset ya zo ya ƙarasa garmaho. Abin da ya tsira daga waɗannan sai ya haɗu da kwatar Nima. Ko Farfesa John Collins, da ya kafa ma'ajiyar Bokoor tun 1990 don wannan aiki, ambaliyar 2011 ta shiga masa gida ta yi ɓarna. Wanda bai manta daren 3 ga Yuni 2015 ba ya san inda ruwa ke kaiwa a wannan gefen gari. Abin da ya rage a hannunmu kaɗan ne, kuma da hannunmu muke miƙa shi.

Sai kuma masu cewa kiɗa haram ne, gara a fitar da shi daga gidan mamaci don a sauƙaƙa masa. Ban zo jayayya da malamai ba, saɓaninsu a kan wannan ya girme ni. Tambaya ɗaya ce da ni ga magajin da ya faɗi haka sannan ya miƙa hannu ya karɓi kuɗin dillali: in abin haram ne, kuɗinsa fa? Kuma wayar da ke aljihunsa, me ke cikinta? Ni abin da na fi gani shi ne kunya. Muna son mu tuna Alhaji da carbi da buzu, ba ma son mu tuna shi yana ɗan shekara ashirin da biyar, da wando mai faɗin ƙafa, yana taka cha-cha-cha ranar Asabar. To ai mutum ɗaya ne. Wanda ya gina masallacin unguwa shi ne ya rubuta sunansa a kan faifan Pacheco, kuma jikokinsa suna da haƙƙin su san shi dukansa. Tarihin zango da muke rubutawa, wanda babu komai cikinsa sai sarakuna da limamai da fatake, shi ya sa har yau wasu ke kallonmu kamar baƙin da suka zauna a gefen birni ba su taɓa shiga cikinsa ba. Faifan nan shaida ne cewa muna ciki, muna sayen abin da ɗan Osu da ɗan Adabraka ke saye, wani lokaci ma mu muke kawo musu shi daga Lome.

Ban ce kada kowa ya sayar ba. Talauci gaskiya ne, ɗaki ɗaya mai mutum bakwai ba shi da wurin akwati. Amma kafin dillali ya ɗaga shi, a ɗauki hoton kowane faifai gaba da baya da wayar nan, har da rubutun. A duba lambar da ke jikinsa a intanet, minti biyu ne, a san ko na sidi goma ne ko na dubu. In tsohon yana da rai, ko matarsa, a zaunar da su a kunna rikoda a tambaye su ina aka saya, wa ya ara bai dawo da shi ba, a bikin wa aka fi sa shi. Wanda zai ajiye kuma ya jera su a tsaye, nesa da zafin kwanon rufi, sama da inda ruwa ke kaiwa. Tsofaffin nan masu nauyi na GV kada a kuskura a goge su da sifirit, narkar da su yake yi, kuma in suka faɗi fashewa suke kamar tangaran. Wanda ba shi da wuri, akwai ma'ajiyar sauti mai sunan Farfesa Nketia a Cibiyar Nazarin Afirka ta Legon, daga Nima kuɗin trotro ne kawai.

Shi kuwa abokina mai jiran Shata kafin ya tashi tsaye, ina ba shi shawara ya fara da gidansu. Kawunsa ya yi shekaru yana kai goro Abijan, kuma akwatin yana nan a saman kabad, an ɗora masa tsohuwar fanka.