Kuɗin Ƙarfe ko Kuɗin Labari?

A watan Yunin 2019 aka yi gwanjon wata ƙaramar bindiga ƙirar Lefaucheux a birnin Paris. Tsatsa ta riga ta cinye ta, ba ta sauran harbi. Masu kimantawa sun yanka mata Yuro 40,000 zuwa 60,000, amma sai da ta kai 162,500. Dalili kuwa, wani manomi ne ya tsince ta a gonakin Auvers-sur-Oise, inda mai zane Van Gogh ya samu raunin da ya yi ajalinsa a 1890. Babu hujjar da ta tabbatar ita ce. Zato ne mai ƙarfi kawai.

A ƙa'ida, mai kimantawa kan duba maƙerarta, da lambar jikinta, da ƙarancin irinta, da ko an taɓa sauya mata wani sashe. Sai dai tarihin hannuwan da ta ratsa yakan rinjayi duka. Bindigar Colt da Pat Garrett ya harbe Billy the Kid da ita a 1881 ta haura dala miliyan 6 a 2021.

A ganina, farashin da aka ɗora kan zato caca ne, ba kimantawa ba. Abin da ya fi damuna shi ne, a duka cinikin biyu, ran ɗan Adam da ya salwanta shi ya ɗaga kuɗin.